Kangararren Ɗa Da Gidan Mari

A cikin watan Satumba na 2019 'yansanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu kuwa bayansu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake samun irinsa a Daura da Katsina da Zariya da Ilori, har Gwamnatin Kano ta ba da umurni a rufe gidajen mari da ke cikin jiharta. Abin da ya fi tsoratarwa cikin al'amarin shi ne, da yawa daga cikin mutanen nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton tarbiyya a ke yi musu.

To, kafin a zargi iyayen nan, ya kamata a dubi halin da su ke ciki. Ga dattijo mai mutunci a unguwa, ɗansa ya kai shekara goma sha bakwai, ya bar makaranta, ya kama shan wiwi da ƙwaya, yau ya ɗauke tukunyar uwarsa ya sayar, gobe ya fasa akwatin ubansa, jibi ya zare wa ƙanensa wuƙa. An yi nasiha, an yi rubutu, an kai shi gun mai unguwa, duk a banza. Uban nan ba ya son kai ɗansa ga hukuma don gudun abin kunya, asibiti kuwa ya yi masa nisa da tsada. Sai wani ya raɗa masa cewa akwai malami a gari kaza mai gyaran irin waɗannan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Fitinar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha kayan maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Amma hana kwalba bai warkar da wanda ya riga ya kamu ba, nauyinsa yana nan a wuyan iyayensa.

Duk da haka uzurin iyaye ba ya mai da ɓarna gyara. Likitoci sun tabbatar cewa wanda jikinsa ya saba da kodin ko taramol, in aka yanke masa a rana ɗaya, sai ya kama gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi, barci ya gagare shi. Wani kuma abin da a ke kira kangara a gare shi taɓin hankali ne, wani farfaɗiya ce, suna da magani sananne. Mai mari ba ya iya rarrabe waɗannan, duka sarƙa ɗaya ya ke sa musu. Sa'an nan a haɗa yaro ɗan shekara goma da ƙato ɗan shekara talatin a ɗaki guda, ba mai leƙawa, ba mai tambaya. Kowane mai hankali ya san abin da zai biyo baya, waɗanda aka kuɓutar kuwa sun ba da labarinsa. Wanda ya fito daga irin wannan wuri yakan fito da ƙullin iyayensa a zuci, kuma da ya koma cikin abokansa na dā sai ya koma ruwa.

Wannan cuta ba ta talauci kaɗai ba ce. A Amurka akwai makarantun kwana na kangararrun yara, inda iyaye kan biya dubban daloli, an kuwa sha samun duka da kulle da mutuwar yara a cikinsu. Paris Hilton, 'yar gidan attajiran nan masu otal, ta ba da shaida a gaban majalisar ƙasarsu a kan abin da aka yi mata a irin waɗannan wurare tana budurwa, kuma a watan Disamba na 2024 aka sa hannu a kan doka don bin diddigin yadda a ke riƙon yara a cikinsu. Watau duk inda aka kulle yaro aka hana idon jama'a ganinsa, zalunci kan shiga, ko a Rigasa ko a Amurka.

Malamai su ne suka fi cancanta su tsaya a kan wannan, domin da sunan karatun Alƙur'ani aka buɗe yawancin gidajen nan, kuma sunan makarantar allo ne ya ɓaci a idon duniya. Alhali kuwa magabata sun yi wa horo iyaka. Muhammadu ɗan Sahnunu, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 ta Hijira, ya wallafa littafi a kan ladubban masu koyar da yara. A ciki ya iyakance bulalar malami ga uku, ba ya ƙarawa sai da iznin uba, ko da iznin ma ba ya wuce goma, kuma ya hana dukan kai da fuska. Ina wannan, ina ɗaure bawan Allah shekara biyu a ɗaki mai duhu? Ya wajaba malaman kowane gari su bayyana a kan mumbari da zaurukan karatu cewa mari ba ya cikin karantarwa, su kuma zama su ne na farkon kai ƙarar wanda ya ɓoye kurkuku a bayan allo.

Amma rufe gidan mari kaɗai ba ya isa, gama uban nan yana nan da ɗansa, in ba a nuna masa wata ƙofa ba zai nemi wani gidan a ɓoye. Matakin farko shi ne a kai yaro ga likita ya duba shi. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara ga masu shaye-shaye a ofisoshinta na jihohi. Zuwa waɗannan wurare ba abin kunya ba ne, kamar yadda kai mai karaya gun maɗori ba abin kunya ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta zamanin Turawa, ta ba majinyaci haƙƙin a riƙe shi da mutunci.

Akwai kuma darasi a aikin Likita Thomas Adeoye Lambo na Aro, kusa da Abekuta. A 1954 ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana, su koma masauki da yamma. Aka ga suna samun sauƙi da wuri, domin ba a raba su da dangi ba. Wannan dabara ta yi daidai da al'adar ƙasar Hausa ta riƙo, inda a kan tura yaron da ya gagari ubansa wurin baffa ko kawu a wani gari, ya rabu da miyagun abokai amma yana cikin jininsa.

'Yan kasuwa kuwa nasu rabon babba ne. Yaron da ya bar ƙwaya, in ba shi da abin yi, zaman banza zai mai da shi inda ya fito. Tun zamanin fatake da madugai, maigida kan ɗauki yaro ya koya masa awo da ciniki da riƙon amana, bayan shekaru ya sallame shi da jari. Da kowace ƙungiyar 'yan kasuwa, ta Kurmi da Kantin Kwari da sauransu, za ta yi alkawarin karɓar 'yan samari kaɗan a shekara waɗanda likita ya sallama, a raba su a rumfuna, kowa da mai lura da shi, da an ceci gidaje masu yawa. Haka kuma attajiri zai iya kafa wakafi don biyan kuɗin magani ga ubannin da ba su da hali. Har wa yau, tilas ne masu shagon magani su ji tsoron Allah, domin kwalbar da aka sayar wa ɗan wani a yau, gobe ɗan mai shagon ne zai saya a wani shago.

In kuwa lamari ya kai ga sai an raba yaro da gida, to, a bi ta hannun alƙali. Gidan horon yara na Kakuri a Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, an yi shi don samari 'yan shekara 16 zuwa 21, a koya musu karatu da sana'a. Shekara da shekaru irinsa uku ne kurum a ƙasar, na Kaduna da na Ilori da na Abekuta, sun yi kaɗan ƙwarai, ya kamata jihohi su ƙara. Kowane gida kuma, na hukuma ne ko na malami, sai uba ya yi tambaya kafin ya miƙa ɗansa: Yana da rajistar hukuma? Likita yana zuwa? An raba yara da manya? Za a bar uba ya shiga har makwanci ya ga ɗansa ranar da ya ga dama, su yi magana su biyu? Yaushe za a sallame shi? Wurin da aka ce kada uba ya zo sai bayan wata shida, wannan ya isa uba ya kama hannun ɗansa su juya.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ɗa amana ne a wuyan ubansa, amanar kuwa ba ta sauka don an biya wani kuɗi ya kulle shi. Allah ya shiryi zuriya, ya ba iyaye haƙurin riƙonsu, amin.