DUNIYAR KIMIYYA: Neman Inda Wayar Lantarki Ta Lalace A Ƙarƙashin Teku

Ranar 20 ga Disamba, 2015, wuta ta yanke a wayar nan da ake kira Basslink, wadda ta haɗa tsibirin Tasmaniya da jihar Biktoriya ta ƙasar Ostareliya. Wajen kilomita 290 na tsawonta a ƙarƙashin teku yake. Irin wutar da take ɗauka ita ce mai miƙewa gefe guda, kamar ta batir, amma ƙarfinta bolt 400,000 ne. Dalilin zaɓenta shi ne, wutar gida mai kai da komowa ba ta iya doguwar tafiya cikin wayar teku, sai ƙarfinta ya ƙare a hanya.

Lalacewar ta zo a mummunan lokaci, domin Tasmaniya da madatsun ruwa take samun yawancin wutarta, ga shi ana fari.

To, yaya ake gano rauni a wayar da ke binne cikin yashi, ruwa mita 80 a kanta? Da farko injiniyoyi kan tsaya a bakin gaɓa su harba ɗan bugun wuta cikin wayar. Bugun yakan yi gudu kamar rabin gudun haske, in ya tarar da raunin sai wani sashensa ya komo, kamar amsa-kuwa. Da lokacin tafiya da komowa ake lissafa nisa. Ta irin waɗannan awo daga gaɓa aka ce ɓarnar tana wajen kilomita 100 daga Tasmaniya.

Sai dai fa mai karatu ya lura, awon nisa yake bayarwa, ba ya nuna wuri. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a kan wannan nisa kilomita guda ne cur, alhali raunin bai fi a rufe da tafin hannu ba. Kana doguwar waya takan shanye amsa-kuwar, ta iso a raunane. Saboda haka akan sa wa wayar wata alama ta lantarki daga gaɓa, jirgin ruwa ya sauke na'ura mai nutso tana bin ta, ana neman inda alamar za ta canja. In duk wannan bai gamsar ba, sauran dabara ɗaya, watau a yanke wayar, a ɗago kowane baki bisa jirgi a auna shi daban. Shawara ce mai nauyi, don kowane yanka sai an ɗinke shi, ɗinkin kuwa kwanaki yake ci, kuma sai teku ta kwanta.

Haka jirgin Ile de Ré ya yi, aka yanke wayar cikin watan Maris, 2016, bayan kusan wata uku ana lalube. Kafin Afrilu ya ƙare ruwan madatsu ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100, an shigo da injunan wuta masu shan dizal, manyan masana'antu kuma sun rage aiki. Wuta ba ta sake bin wayar ba sai ranar 13 ga Yuni, bayan kwana 176.