Lemon “enaji” ba kuzari yake ba ka ba, gajiyarka yake ɓoyewa

1/ Jarabawa ta matso, an dawo da shan lemon ƙara kuzari kamar ruwan sanyi. Zangon da ya wuce wani abokina ya sha gwangwani 3 a dare ɗaya, da safe ya shiga jarabawa hannu na rawa, zuciya na bugawa, abin da ya karanta ya gudu. Yau sai na faɗi abin da ke raina.

2/ Mu fara daga tushe. Kuzarin da jikinka ke kashewa sunansa ATP, wani sinadari da aka gano tun 1929. Adenosin ne da fosfet 3 a jikinsa. Idan ƙwayar halitta za ta yi aiki sai ta ɓalle fosfet ɗaya, ATP ya koma ADP, a samu ƙarfin motsa tsoka ko aika saƙo a ƙwaƙwalwa.

3/ ADP tamkar batirin da ya mutu ne. Cajinsa a mayar da shi ATP yana buƙatar abinci da iskar oksijin, kuma yawancin aikin a cikin maitokondiriya ake yi. Gulukos guda ɗaya na ba da ATP wajen 30 idan akwai oksijin. In babu, 2 kacal.

4/ Kuma jiki ba ya tara ATP a rumbu. Wanda ke cikin tsokarka na daƙiƙu kaɗan ne in ka zuba da gudu. Shi ya sa ake ta caji ba tsayawa, har a rana ɗaya mutum kan juya ATP da ya kai kusan nauyin jikinsa. Injin da ke wannan aiki juyawa yake kamar injin niƙa. Boyer da Walker sun samu kyautar Nobel a 1997 saboda bayaninsa.

5/ To ina gwangwani ya shigo? Ku kula da nan. Ƙwaƙwalwa na cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki. Tana ƙona ATP, adenosin na taruwa. Idan ya yi yawa sai ya zauna a mazauninsa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ka ji barci. Saƙo ne: malam, a huta.

6/ Kafeyin da ke cikin lemon ya yi kama da adenosin, sai ya riga shi zama a wurin. Saƙon bai iso ba, amma adenosin na nan yana ƙaruwa. Kamar direban da ya liƙe fitilar mai da salatif ya ce tanki ya cika. Kafeyin bai ƙara maka ATP ko ɗaya ba.

7/ Wani zai ce ai akwai sukari a ciki. Gaskiya ne, sukari na ba da kuzari. Amma gulukos ɗin nan shi ne a tuwo, shinkafa da dankali, kuma wake da gyaɗa sun fi riƙe ciki. Wanda aka rubuta wa “babu sukari” fa? Kusan ba makamashi a cikinsa, amma sunansa “enaji”. Haba!

8/ Wani kuma zai ce kakanninmu na cin goro, shi ma kafeyin ne. E, haka ne. Ni ban ce kafeyin guba ba ne. Gwangwani mai mililita 250 kan ɗauki wajen miligiram 80, kuma hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta sa miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga babba mai lafiya, 200 ga mai juna biyu. Rigimata da wanda ya mayar da shi madadin abinci da barci ne.

9/ Rabin kafeyin da ka sha na iya kai awa 5 a jininka. Ka sha da la'asar, barcin dare ya lalace, ka tashi a gajiye, ka sake saye. Wa ya ci riba?

10/ Dan Allah in kullum a gajiye kake ko ka yi barci, je asibiti a duba jininka. Ƙarancin jini na rage oksijin da ke kaiwa ga ƙwayoyinka, kuma ba gwangwanin da zai gyara wannan. Kuɗin lemon nan ka sayi ƙosai da kunu, ka kwanta da wuri. Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa.