Abincin Kafteriya da Lafiyar 'Yan Aji Ɗaya

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da bai ci ba, ba zai fahimci nahawu ba balle adabi. To amma tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ita ce: wane irin ruwa muke zuba wa cikin nan?

A da, jami'o'in gwamnatin tarayya su ke ciyar da ɗalibai a kan farashi mai rahusa. Ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abinci na cikin abubuwan da suka tada zanga-zangar ɗalibai ta 1978. A shekarun 1980 aka janye wannan tallafi, kafteriya ta koma hannun 'yan kasuwa. Shi kuwa ɗan kasuwa abin da ke da araha ya kuma cika ciki shi yake dafawa: farar shinkafa, teba, taliyar Indomie, burodi, ga mai har yana kwanciya a kwano, ga dunƙule da gishiri. Ganye kuwa sai dai a yi ado da shi.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan aji ɗaya. Jiya-jiya ya baro tukunyar gida, bai iya girki ba, bai iya tsara kuɗi ba, ga lacca tun ƙarfe takwas. Sai ya koyi tsarin da muke kira 0-1-0, wato babu karin kumallo, babu abincin dare. Idan rana ta yi sai ya narki tulin shinkafa, ya kora da lemun kwalba.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. Farar shinkafa da burodi suna saurin narkewa su zama suga a cikin jini. Jiki sai ya fitar da sinadarin insulin domin ya kwashe sugan ya kai shi inda za a ƙona shi, rarar kuma ta zama kitse. Idan aka yi ta maimaita haka wata da watanni, ga zama wuri ɗaya, ga ƙarancin barci, sai jiki ya fara daina jin maganar insulin. Daga nan ne hanyar tumbi da ciwon suga take farawa, yawan gishiri kuma ya buɗe ta hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada suga da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, alhali kwalbar lemu ɗaya mai rabin lita tana iya kai wannan adadi ita kaɗai. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, ganye da 'ya'yan itace a ci aƙalla giram 400.

Wani zai ce, ai ɗalibi yunwa ce damuwarsa, ba ƙiba ba, musamman bayan tashin farashi da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Gaskiya ne. Amma siriri ma yana kamuwa da hawan jini, kuma ɗabi'ar cin da aka koya a aji ɗaya ita ake fita da ita daga jami'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ganina, babban nauyi yana kan hukumar jami'a, domin ita ke ba masu abinci rumfa. Me zai hana ta sa sharaɗi cewa kowace rumfa ta riƙa sayar da wake da miyar ganye, a rage mai da gishiri, a samar da ruwan sha mai tsabta kyauta? Asibitin makaranta kuma ya riƙa auna jinin sababbin ɗalibai a farkon shekara da ƙarshenta. Ƙungiyar ɗalibai da ke faɗa a kan farashin kwano, ta duba abin da ke cikin kwanon ma.

Mu kuma akwai namu. A raba shinkafar biyu a cike da wake ko alale. Kuɗin lemun kwalba a sayi gwanda ko gyaɗa. A taka da ƙafa zuwa aji idan ba nisa. Babu amfanin fita da digiri a hannun dama, katin asibiti a hagu. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.