Gurbin Sakkwato, wa ke cin shi?



A 2013, da aka fitar da makin shiga makarantun sakandare na haɗaka na gwamnatin tarayya, ƙura ta tashi. Yaron jihar Anambra sai ya kawo maki 139, na Sakkwato kuwa 9 sun ishe shi, na Zamfara 4. Mutanen Kudu suka ce zalunci ne, a ba kowa jarrabawa ɗaya, wanda ya ci ya shiga. Namu suka ce boko ya daɗe da zama a can kafin ya iso nan, kuma sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce a dama da kowane yanki a harkokin gwamnati. Jami'o'in tarayya ma suna ware kashi 20 cikin ɗari na gurabensu ga jihohin da aka bari baya a ilimi, da Sakkwato a ciki.

To, wannan gurbi da aka rubuta wa sunan Sakkwato, wa ke cin shi?

Mutumin Tsamaye, a yankin Sabon Birni, ya san amsa. Tun 2019 iyalai daga Sabon Birni da Isa ke tsallakawa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, gudun 'yan bindiga. Uban da 'yan daji suka ɗora wa haraji kafin ya yanke geronsa, ina zai samo kuɗin jarrabawa? A watan Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa, Allah ya jiƙansa. Inda sarki bai tsira ba, wane malamin firamare zai kwana? Yaron da bai zauna aji ba, ko maki ɗaya aka nema ba zai kawo ba.

Gurbin yakan faɗa hannun ɗan babban ma'aikaci a birnin Shehu, mai makarantar kuɗi da malamin gida, wanda ko maki 100 aka ce zai kawo. Wani ma bai taɓa taka Gobir ba, sai takardar shaidar ƙaramar hukuma da aka karɓo masa. An yi bara da sunan talaka, wani ya cinye tuwon.

Muna roƙon hukumomin ilimi su fito da lissafi a fili: cikin ɗaliban da aka ɗauka bana a kwalejin tarayya ta Sakkwato da ta 'yan mata a Tambuwal, nawa ne suka yi firamare a Sabon Birni ko Isa?