WUTA KAFIN MOTA

Ranar 28 ga watan Maris na shekarar 2024, a birnin Pekin na ƙasar Sin, kamfanin Xiaomi ya fito da motarsa ta farko, wadda ya raɗa wa suna SU7. Ba ta shan isansi, ba ta shan gazuwal, da batir kaɗai take tafiya. Duk wanda ya taɓa ciniki a rumfunan masu salula na kasuwar Tawa ya san sunan nan, ko kuwa ya san Redmi, wadda ita ma tasa ce. Tun 2021 shugaban kamfanin, Lei Jun, ya yi alkawarin zuba dalar Amurka miliyan dubu 10 cikin wannan aiki, kuma shekara uku ta ishe shi. Kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fi shi dukiya nesa ba kusa ba, ya yi wajen shekara goma yana faman abu ɗaya, ya haƙura a watan Fabrairu na 2024.

Jama'a za su yi mamakin yadda maƙerin salula ya zama maƙerin mota. Dalilin ba boyayye ba ne. Motar lantarki ba ta da fistin, ba ta da kabreta, ba ta son a juye mata baƙin mai. Zuciyarta batir ce, ƙwaƙwalwarta kuwa irin ta salula ce, kuma wannan ta biyun ita ce sana'ar kamfanin tun fil azal.

To, amma ina ruwan Adar da wannan labari? Motar dai, yadda take, ba ta Adar ba ce. Mafi araharta a 2024 an sa mata kuɗi yuwan 215.900, wato wajen miliyan 18 na sefa tun kafin sufuri da duwan. Cikinta kusa yake da ƙasa, an yi ta domin kwalta mai santsi. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa saboda uraniyom a ƙarshen shekarun 1970, ta sha karya motocin da suka fi ta ƙarfi, balle rairayin Tasara da Tiliya. An ce tana cin kilomita 700 kafin batir ya ƙare, alhali Tawa zuwa Agadas kimanin 400 ne. Sai dai awon nan ba a yi shi cikin zafin bazara ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40 kuma batir ke saurin gajiya.

Babbar maganar ita ce ta wuta. Batirin motar nan guda yana ɗaukar abin da zai cika salula fiye da dubu uku. A Nijar kuwa kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a gidansa, kuma rabon karkara ya fi haka ƙanƙanta. A watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wuta saboda takunkumin CEDEAO, kowa ya gani da idonsa cewa galibin hasken birane na aro ne. A watan Maris na 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai, ko da yake matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011. Da ruwan ciki kan ja na rijiya: ƙasar da ba ta mallaki wutarta ba, ko kyauta aka ba ta motar lantarki, ado kawai za ta yi da ita.

Abin takaici shi ne Adar ba ta rasa abin yin wutar ba. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, ta fara aiki a 2018, ita ce irinta ta farko a ƙasar, kuma cikin jahar Tawa take. Gawayin Salkadamna yana kwance arewa da birnin; an aza tubalin tasharsa a 2014, shekara goma ta shige bai kunna ko fitila ɗaya ba. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL, ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa hukumomi cewa rana dukiya ce, tun zamanin da Turai ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Talakawa ma sun riga hukuma ganewa. Salula ta shiga ƙauyukan Keita da Buza da Ilela ba tare da ta jira turakun NIGELEC ba, domin ƴan ci-rani da ke Abijan da Libiya suna son jin muryar gida. Wani saurayi ya sayi faranti ɗaya na hasken rana da tsohon batirin mota, ya kafa rumfa ranar kasuwa, yana cika wa mutane wayoyinsu. Ta wannan ƙofa abin hawa mai lantarki zai shigo, kuma ba da siffar SU7 ba. Zai zo a babur na ɗan kabu-kabu da adaidaita mai kai albasa tasha, waɗanda ba su yin nisa da gari, kuma isansi ke cinye ribarsu kullum.

Saboda haka ya wajaba hukumomin jaha da na birnin Tawa su dubi abin tun yanzu, su keɓe filaye kusa da tasha da kasuwa inda za a kafa rumfunan cika batir da hasken rana, hukumar duwan kuma ta sassauta wa batura da faranti masu inganci, ta tsananta wa na jabu. Akwai kuma batun makanikai. Motocin da ƙasashen waje suka gama ci su ne ke ƙarewa a garejojin Tawa, kuma nan gaba cikinsu za a sami masu batir, wanda ƙarfin wutarsa ya kai volt ɗaruruwa, yana iya kashe wanda ya taɓa shi da jahilci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar Djibo Hamani da makarantun koyon sana'a na jahar suna da azuzuwa da malamai. Abin da ya rage shi ne su buɗe ƙofa ga yaran gareji, ko da darasin maraice ne, kuma cikin harshen Hausa.