Sauyin Yanayi: Wa Zai Koyar Da Mai Koyarwa A Kudancin Kano?

A watan Nuwamba na 2021 ne Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, kuma cikin abubuwan da dokar ta tanada har da shigar da wannan batu a manhajar karatu a dukkan matakai. Rubuta abu a manhaja aiki ne na 'yan kwanaki a Abuja. Wanda zai tsaya gaban yara a wata firamare ta Kiru ko ta Doguwa ya warware musu shi, shi ne malamin aji, kuma mafi yawan malaman da ke bakin aiki yau sun gama kwalejin ilimi kafin a yi wannan doka. Don haka maganar horar da su ta zama tilas. Abin da ya dame ni shi ne irin horon da aka saba yi: a tara malamai a ɗakin taron otal a birni kwana biyu, a haska musu hotunan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya, a yi jawabi da Turanci, a raba jaka da kuɗin mota, a watse.

Zan fara da fannina, wato harshe. Turanci na da kalmomi biyu mabambanta, ɗaya ga halin da sararin sama ke ciki yau ko gobe, ɗaya kuma ga ɗabi'ar da aka san wuri da ita tsawon shekaru, wadda masana kan auna da matsakaicin shekara 30. Mu kuwa duka biyun "yanayi" muke cewa, har ma mukan ce yanayin siyasa da yanayin jikin maras lafiya. Saboda haka idan malami ya ce "sauyin yanayi", yaro na iya ɗauka ana nufin hadarin da ya haɗu da la'asar bayan an wuni ana rana, ko shigowar hunturu bayan kaka. Wanda bai rarrabe waɗannan biyu ba, duk abin da aka ɗora masa a kai zai rushe. Haka kuma iskar da ke riƙe zafi a sararin duniya, Turawa sun kwatanta aikinta da ɗakin gilashi na rainon tsirrai, abin da ɗan Bebeji bai taɓa gani ba. Amma ya san yadda cikin mota ke zama in an rufe gilasanta an bar ta a ranar bazara. Irin wannan aikin nemo kalma da misali shi ya kamata ya cinye rabin lokacin horon.

Wani zai ce ai a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin koyarwa da harshen uwa na 2022, aka koma Turanci tun daga ƙananan azuzuwa. Ina da ja a kan wannan mataki, amma ba shi ne zancena yau ba. Ko da wane harshe aka rubuta jarrabawa, yaron da ya tashi daga makaranta da Hausa zai yi wa mahaifinsa bayani a gona, kuma malamin da bai iya faɗin abu da harshen da yake tunani da shi ba, haddar sa kawai ya yi.

Abin mamaki, Hausar manoma ba ta da talauci a wannan fage. Tana da bazara da damina da kaka da hunturu da rani. Tana da ruwan shuka, da binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, da marka, da fari, da mamako, da yayyafi. Dattijon da ya kai shekara 70 a Tudun Wada ya ga farin farkon shekarun 1970 da na 1984 da idonsa, kuma zai iya gaya maka lokacin da a da ake sa ran ruwan shuka da yadda abin yake yanzu. Malamin da aka koya wa yadda zai tura ɗalibai su tambayi kakanninsu, su rubuta, a kwatanta da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, ya riga ya sami darasin zango guda.

Sai kuma batun wuri. Yawancin abin da ake rubutawa game da Arewa maganar kwararowar hamada ce, alhali kudancin Kano ya fi kowane sashe na jihar samun ruwan sama. Yaron Riruwai da ke zaune a gindin duwatsu, in aka ce masa rairayi zai binne garinsu, zai ɗauki darasin tatsuniya. Abin da ya shafe shi shi ne ruwa mai ƙarfi da ke sauka lokaci guda ya yanke hanya, da zaizayar ƙasa, da ɗaukewar ruwa bayan masara ta tsiro, da sare itatuwa don gawayi. Ga dajin Falgore nan ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Ga madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, wadda noman rani na Kadawa da Kura ya dogara da ita. Malami nawa ne a waɗannan ƙananan hukumomi aka taɓa kai shi bakin Tiga aka nuna masa daga ina ruwan yake zuwa, da abin da ke faruwa da madatsa idan tsirran da ke riƙe ƙasa a samanta suka ƙare, laka ta riƙa gangarowa?

A nan ma akwai tarko. Ba kowace ɓarna ce sauyin yanayi ba. Raguwar ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, da yaɗuwar ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, suna da alaƙa ta kai tsaye da yadda madatsun Tiga da Challawa suka canza gudun kogi. Wanda ya cinna wa daji wuta don farautar gafiya ma kada a ba shi mafaka a bayan hayaƙin masana'antun Amurka da Sin. Malamin da aka horar da kyau zai iya ce wa yara: wannan daga duniya ya zo mana, wannan kuwa mu muka yi da hannunmu.

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, don haka ƙofar a buɗe take. Shawarata ga hukumar SUBEB ita ce a yi horon a can, a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, rukuni-rukuni na makarantun da ke kusa da juna, a kuma koma duba malaman a aji bayan wata uku. Jami'ar Bayero na da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, tana kuma da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. A zaunar da su tare da malaman firamare da manoma, su fitar da ɗan littafin kalmomi da aka amince da su. Sannan a ba kowace makaranta ma'aunin ruwan sama da littafin rajista, a ɗora wa 'yan aji biyar alhakin rubuta abin da ya sauka kowace safiya daga ruwan farko har zuwa ɗaukewar damina.