A Saki Hannun Yaro Ya Yi Rubutu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi wa iyayen ƙasar Gumel nasiha. Ɗana a gida nake karantar da shi. Shekara 2 ina rubuta masa allo yana kwafa. Ran da na ce ya rubuta wa kakarsa ta Gagarawa wasiƙa da ajami, sai alƙalami ya tsaya. Laifina ne, ban taɓa barinsa ya rubuta maganar kansa ba.

To, yanzu kowace Alhamis in mun komo daga kasuwar Maigatari, sai ya rubuta abin da ya gani, ya karanta mini. Kuskure ɗaya kaɗai nake gyarawa, kada ya karaya. Yau shi ke rubuta wasiƙun gidanmu.

Jama'a, yaron da ke goye ba ya koyon tafiya. Haza wasalam.

Wani malami, Gumel.